Raddi Ga Masu Cewa A Ɗauki Diga A Nemi Taskar Mutanen Da

Akwai wata magana da ke yawo a majalisu, har wasu masu ilimi sun fara ba ta gindin zama. Wai ƙasa cike take da dukiyar mutanen da, tukwanen zinariya a kufai da gindin kuka da ƙarƙashin tsohuwar ganuwa, kuma wai ragwanci ne kawai ya hana mu tono su. Masu wannan ra'ayi suna kawo hujjoji, don haka sun cancanci a ba su amsa dalla-dalla.

Da addini suke farawa. Suna cewa Suratul Kahfi ta ambaci taska a ƙarƙashin bango, kuma littattafan fiƙihu sun yi bayanin rikazi, har an ɗora wa wanda ya same shi fitar da humusi. To, ba wanda ya musa cewa ana binne dukiya. Kafin zuwan banki, wanda ya ji kidan yaƙi sai ya haƙa rami. Amma a koma wa ƙissar a tsanake: taskar nan tana da masu ita, marayu biyu, kuma bawan Allahn da Annabi Musa (AS) ya bi gyara bangon ya yi don ta ci gaba da ɓuya har yaran su girma. Ina umarnin tono a nan? Shi kuwa rikazi, malaman Malikiyya sun keɓe shi ga abin da mutanen jahiliyya suka binne. Abin da ke ɗauke da alamar Musulmi hukuncinsa na tsintuwa ne, sai an yi cigiya shekara guda. Fiƙihu ya faɗi abin da ya hau kan wanda ya ci karo da dukiya, bai ce a bar gona da kasuwa a shiga daji nemanta ba.

Sai su ce, ai an sha samu. Gaskiya ne, amma a tambayi yadda aka samu. A 1992, a ƙauyen Hoxne na Ingila, wani dattijo yana neman gudumar abokinsa da ta ɓace a gona ya faɗa kan tsabar kuɗin Rumawa kusan 15,000. A 1974 manoma masu haƙa rijiya kusa da Xi'an a Sin suka tono rundunar gumakan yumɓu ta sarkin ƙasar na farko. Kayan tagulla na Igbo-Ukwu wajen haƙa ramin tara ruwa aka gan su, gumakan Nok kuma masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. Duk cikinsu babu wanda ya fita da labari a kunne ko taswira a aljihu. Waɗanda suka nema da gangan har suka dace kuwa, da rubutacciyar shaida suka fita. Jirgin ruwan Sifaniya mai suna Atocha ya nutse a 1622, kuma takardunsa suna nan a ma'adanar tarihi ta Sabiliya. Duk da haka sai da Mel Fisher ya shekara 16 yana nema kafin ya kai ga dukiyar a 1985, bayan ya rasa ɗansa da surukarsa a teku. Wa ke da wannan jari a cikin masu zuga mu?

Yanzu a dubi abin da labarin baka ya haifar, tunda a kansa ake gardama. A tsibirin Oak na Kanada, tun 1795 ake haƙa rami ɗaya da kewayensa, ana cewa 'yan fashin teku sun ɓoye dukiya. Kamfani ya zo ya karye, wani ya gaje shi. Mutum shida sun mutu, huɗu daga ciki a rana ɗaya a 1965. Har yau ba taska, sai shirin talabijin da ake yi a kan neman tun 2014, kuma shi ne ke kawo kuɗi. A 2013 a Indiya, wani malamin Hindu ya ce ya yi mafarkin tan 1,000 na zinariya a ƙarƙashin wata tsohuwar fada a gundumar Unnao. Hukumar binciken kayan tarihi ta ƙasar ta je ta haƙa, jama'a suka yi dafifi, aka tashi da 'yan tsingaro. A Foland kuma wasu mutum biyu suka ce sun gano jirgin ƙasan 'yan Nazi maƙare da zinariya kusa da garin Walbrzych. Aka kawo manyan motocin haƙa a Agustan 2016, ba jirgi ba layin dogo. Garin dai ya ci kasuwar baƙi.

Idan aka kawo musu wannan, sai su fito da hujjar da suka fi ji da ita: taska tana nan, aljanu ne ke gadinta, in ba a yi aikin da ya dace ba sai su gusar da ita. A nan zan bar Ibn Khaldun ya amsa, don a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali guda ga masu wannan nema. Ya siffanta mutanen da ke zuwa wa mai hali da tsohuwar takarda mai cinyayyen gefe da baƙon rubutu, su ce tana nuna wurin dukiyar da aka rufe da ɗalasimai, su nemi kuɗin turare da sauran kayan aiki, a yi haƙa da dare. In ba a samu komai ba, sai a ce an yi kuskure a ɗalasimin. Sama da shekara 600 ke nan, amma wanda ya san yadda 'yan damfara ke aiki a yau zai rantse jiya aka rubuta: a kawo baƙin bunsuru, a kawo turare ɗan goma, kada a yi magana a bakin rami, kada a gaya wa kowa. Sharaɗin shirun nan ba don aljani aka sa shi ba, don kada ka yi shawara da mai hankali ne. Ibn Khaldun ya kuma nuna rashin kan gadon abin: wanda ya wahala wajen ɓoye dukiyarsa, me zai sa ya bar wa baƙo takardar da za ta kai shi wurin? Ni kuma in ƙara da tawa tambayar: wanda ya san inda tukunyar zinariya take, me ya haɗa shi da dubu hamsin ɗinka? Samuwar aljanu ba ita ake gardama a kai ba. Abin da ake cewa shi ne, da'awar da samu ke gaskata ta, rashin samu ma ya gaskata ta, ba a sa mata ko sisi.

Ta ƙarshe ita ce mafi rauni: wai ko ba a samu ba, ba a yi asarar komai ba. Rami na ruftawa da mutane, kuma iskar da ke taruwa a ƙasan rami mai zurfi tana kashewa ba tare da an ji warinta ba. Akwai kuma asarar da ba ta mayuwa. A 2020 masu neman zinariya suka shiga Jabal Maragha a Sudan da motocin haƙa, suka yi rami mai zurfin mita 17, suka shafe wurin tarihi mai shekara kusan 2,000. A Nijar, maƙabartun Bura an wawashe su bayan da duniya ta ga kyan gumakansu, mai haƙa ya karɓi 'yan canji, dillali ya sayar a Turai. A Nijeriya kuwa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana irin wannan haƙa ba da izini ba.

Saboda haka, mai karatu, in garmarka ta bugi tsohuwar tukunya a gona, ka bar ta yadda take, ka sanar da hukuma, ka tambayi malami hukuncinta. In kuwa wani ne ya sallama maka da takarda ko mafarki, yana neman kuɗin turare, ka ce masa ya tono ya riƙe duka, ka yafe masa kasonka.