Hali Zanen Dutse Ne?

A daminar bara wani ƙanen maiɗakina ya faɗi da babur a hanyar Jega zuwa Maiyama. Ya karye a cinya, kansa kuma ya bugu da kwalta. Aka kai shi Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗori, cikin 'yan watanni ƙafa ta haɗe. Sai dai wanda ya dawo gida ba shi muka sani ba. Yaron da ba ya iya haɗa ido da surukinsa ya koma mai saurin fushi da sakin baki. Wasu suka ce iska ce, wasu sammu. Kawunsa kuwa cewa ya yi: "Halinsa ne ya fito, ai hali zanen dutse ne." Har aka soma zancen raba aurensa.

Wannan karin magana ya hana ni barci, domin likitoci sun daɗe da ganin irin haka. A 1848 wani sandan ƙarfe ya ratsa gaban ƙwaƙwalwar Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a Amurka. Ya rayu, amma likitansa ya shaida cewa natsattsen mutumin nan ya koma mai zage-zage, marar haƙuri. Sashen da ke bayan goshi shi ne linzamin zuciya. Idan ya sami rauni, kunya da kawaici na iya tafiya tare da shi.

A yau masana na ganin hali ba a lungu guda yake zaune ba, yana cikin yadda sassan ƙwaƙwalwa ke zantawa da juna. Sukan kwantar da mutum cikin na'urar MRI su bi sawun iskar da jini ke kai wa kowane sashe; sassan da ke tashi su lafa tare, sai a ce a haɗe suke. Daga nan su gwada taswirar da amsoshin da mutumin ya bayar kan ɗabi'u biyar: son sabon abu, tsari da riƙon aiki, son jama'a, sauƙin kai, da yawan damuwa.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa taswirar kowa tasa ce, kamar zanen yatsa: cikin mutum 126 sun gane mai ita fiye da sau 90 cikin 100. Wato akwai zane, kamar yadda kawu ya faɗa. Karanta hali daga zanen ne ya gagara. A 2018 wasu masana a Kalifoniya suka gwada da mutum 884, ɗabi'a ɗaya tak, son sabon abu, ta amsa hasashensu, ita ma sama-sama. A 2022 kuma mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna cewa irin wannan aiki na bukatar dubban mutane kafin a amince da sakamakonsa, alhali yawancin nazarce-nazarcen baya da 'yan gommai aka yi su.

Zanen ma ba na dutse ba ne. A 2000 aka gano cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace dubban tituna, wani yanki na sashen tuna hanya a ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran mutane girma, kuma daɗewa a sana'ar na ƙara shi. Abin da aiki ke iya ginawa, tarbiyya da jinya ma na iya taɓa shi.

To, idan na'urar miliyoyin daloli ta kasa yanke wa mutum hukunci kan halinsa, ina ga mu da ke zaune a dandali? Kirana ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega shi ne su kai wannan ilimi gidajensu: wanda ya sauya hali bayan ya bugu a ka majinyaci ne, likitan ƙwaƙwalwa yake bukata kafin alƙali. 'Yan acaba kuma su daina raina hular kwano.

Surukin nawa yana ganin likita yanzu, matarsa tana ɗakinta. Ranar Juma'ar da ta wuce ya durƙusa ya gaida kawunsa, tsohon ya daɗe yana dubansa bai ce komai ba.