Wayoyin kuran huɗu, kowace da aikinta

Wanda ya ɗaga kai ƙarƙashin turken NIGELEC a cikin gari, sau da yawa wayoyi huɗu zai ƙirga. Uku su ne masu kawo wutar lantarki, wadda ake ce ma kuran. Ba tare suke turo ta ba. Bi da bi suke yi, kamar mata uku masu lugude a turmi guda: taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi. Shi ya sa babban injin niƙa yake son su duka uku, don ya juya ba tsayawa.

Tsakanin biyu daga cikinsu akwai ƙarfin bolt 380. Fitilar ɗaki kuwa 220 take so. Don haka ake ba gida waya ɗaya daga cikin ukun, a haɗa masa da ta huɗu. Ita ce netir, hanyar komawar kuran. Cikin gida shuɗiya ce.

In an raba gidaje daidai bisa wayoyin nan uku, abin da ke bin netir kaɗan ne. In an labta ma ɗaya kaya, rarar ta netir take komawa. Ke nan ba matacciya ba ce, kada a taɓa ta. Ranar da ta tsinke, fitilun wasu gidaje su dushe, na wasu su yi haske fiye da kima. Duk wanda ya ga haka ya kashe komi nan take, ya kai labari, tun rediyo da firji ba su ƙone ba.

Wayar ƙasa dabam take, mai launin kore da rawaya. Ana ɗaura ta jikin inji, a kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Ba ta ɗaukar komi sai ran da wuta ta zubo jikin injin. Ran nan ita za ta bi, na'urar tsaro ta datse kuran, mai niƙa ya tsira. Wasu masu gyara suna barin ta don tsimin kuɗi, wannan ganganci ne. Busasshen rairayi kuma ba ya karɓar wuta sosai, sai an kafa sandar da zurfi inda ke da danshi.

Makiyaya su ma su kula. Waya in ta faɗi, kuran yana bazuwa cikin ƙasa kewaye da ita. Saniya ta fi mutum shiga haɗari, don ƙafafunta na gaba da na baya suna nesa da juna, wutar ta shiga nan ta fita can. A kora garke nesa, kada a ɗaga wayar ko da sanda.