Masu cire wa motar injekta filtar mai, ku ji tsoron Allah!

Jama'a, yau ba da waya za mu fara ba, amma za mu iso kanta. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejojinmu, tun daga Funtua, Bakori, har Malumfashi. Direba zai kawo Sharon ko Hiace tana shaƙewa in ya taka totur, ta kasa hawa tudu da lodi. Sai bakanike ya kwance filtar mai ya jefar, ya jona tiyo da tiyo, ya ce: "Oga, na yi maka dairek." Mota ta tashi garau, direba ya biya har da godiya. Wallahi an cuce shi, bai sani ba ne kawai.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake. Motar kafireta mai ne ke zuwar mata a hankali, ko datti ya shiga, a kwance a wanke, shi ke nan. Injekta ba haka take ba. Famfon lantarki ne ke turo mai daga tanki da ƙarfin da ya kai kusan ba 3, ya wuce iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Nozul kuma ta ƙananan ƙofofi take fesa shi kamar turare. Shi ya sa aka yi mata filta mai tare dattin da ya kai kimanin maikiron 10, alhali kaurin gashin kai ɗaya wajen maikiron 70 ne. Abin da ke toshe nozul, ido ma ba ya ganinsa.

To idan filta ta toshe, aikinta ta yi. Duk ƙurar hunturu, tsatsar tanki da laka da ta riƙe, da can cikin nozul za su tafi. Ka cire ta, ka buɗe musu ƙofa. Mu masu gyaran waya mun san irin wannan aikin. Fis ɗin caji ya ƙone, wani ya ɗauko siririyar waya ya yi jamfa a kai. Waya ta kama caji, kwastoma ya yi murna. Ranar da wuta ta zo da ƙarfi, sai allon gaba ɗaya ya tafi.

Wasu za su ce ai famfo yana da 'yar ragarsa a cikin tanki. Gaskiya ne, amma manyan datti take tarewa, kamar rariya ce a gaban abin da ke buƙatar tankaɗe. Wasu kuma su ce filtar kasuwa jabu ce. E, jabu ya yi yawa. Amma don akwai jabun magani, ba a daina shan magani, nagari ake nema. Mafi muni su ne masu ɗaura 'yar filtar roba ta babur ko ta kafireta a layin injekta. Ba a yi ta don wannan matsin ba. In ta fashe, fetur ne zai yi feshi a kusa da salansa mai zafi, mota cike da mutane. Haba malam!

Sannan mu dubi man da muke sha. A watan Fabrairun 2022, kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai methanol fiye da kima daga Antwerp ta Beljiyam. Wannan wanda ya zo a jirgin ruwa da takardu ke nan, ina ga na galan a bakin titi, da mazurarin da ya kwana cikin ƙura? Filta ba ta raba methanol da fetur, amma shi da ruwa suna cin tankin ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsar kuwa filta ce ke tare ta. Ga shi tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da yawa lita kaɗan suke iya zubawa, allura kullum a ƙasa. Famfon da ke cikin tanki kuwa man ne ke sanyaya shi. Zafi ga datti, ina zai kai labari? Ya mutu, a ce "injekta ba ta da ƙarko, a mayar da ita kafireta." Laifin tudu, a taka kwari.

Direba, ka yi lissafi. Filta ɗaya ba ta kama ƙafar kuɗin famfo da nozul huɗu ba. Kuma lokacin kaka ne motarka ke kawo kuɗi, lodin masara daga Dandume, tumatir daga Danja. Ta tsaya maka kwana uku a gareji, wa zai biya ka? Balle ta mutu a hanya bayan magariba, kowa a yankin nan ya san ba abin wasa ba ne.

Ga abin yi:

1. Ka sayi filtar da aka yi wa motarka, mai jikin ƙarfe. Ka duba kibiyar da ke jikinta, ta fuskanci inji.
2. Kafin a kwance, a cire fis ɗin famfo a bar mota ta mutu da kanta, matsin ya sauka. Ban da sigari a wurin.
3. Ka karɓi tsohuwar, ka juye man cikinta ta bakin shiga a kwalba fara. Abin da ka gani zai gaya maka ko tanki na son wanki.
4. Kar a hura ta da baki a mayar. Takarda ce a ciki, in ta cika ta cika.

Yanzu ga inda waya ta shigo. Akwai 'yar na'ura ELM327 da ake sokawa a soket ɗin OBD na mota, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhajar Torque. Idan ka ga P0171, inji na kukan mai ya yi masa kaɗan a kan iska. Ba lallai filta ba ce, amma a duba ta da matsin famfo kafin a sayar maka da birenbos. Motocin fetur na Turai daga 2001 suna karɓar wannan na'ura, waɗanda suka girme su ba duka ba.

Iyayenmu kanikawa, muna girmama ku, da yawanku ba sa wannan aikin. Masu yi, don Allah ku bari. Ku kuma da ke da direba a gida, ku tura masa ya leƙa ƙarƙashin motarsa yau.