Abin da ke Cin Batirin Kwamfuta: Amsa ga Malamin Rawayau

Makon jiya takarda ta zo mini daga wani malamin makaranta na Rawayau, cikin ƙasar Kurfi, yana kuka da kwamfutarsa ta cinya. Ya ce wata da watanni yana tari kafin ya saye ta a Kano, ta hannu. Da fari batirinta yakan kai sa'a uku, yanzu ko sa'a guda ba ya cikawa. Kuma da zarar ya haɗa ta da intanet sai ta ɗau zafi, fankarta ta dinga gurnani. Yana tambaya ko ya koma ya yi ƙarar wanda ya sayar masa.

Malam, dakata tukuna, ka ji abin da ya same ni.

Cikin 2006, ina yaro mai koyon aikin akawu a wani ofis a birnin Katsina, akwai wata kwamfutar cinya da muke aika takardu da ita. A zamanin nan sai an soka mata igiyar tarho ta buga lamba, ka ji tana tsuwa kamar gyare, kana ta shiga intanet. Abin da ke yin wannan aiki shi ake kira modem, watau tafinta tsakanin kwamfuta da waya: ya mai da rubutu ƙara, ya mai da ƙara rubutu. Iyakar gudunsa kilobit 56 a daƙiƙa, ni kuwa ban taɓa ganin ya kai nan ba. Duk sa'ad da na shiga sai kwamfutar ta yi nauyi, ƙasanta ya yi zafi, batir ya ƙare tun ban gama ba. Babban akawu ya ce ni ke ɓata ta, har ya yi niyyar a yanke mini kuɗin sabon batir daga ɗan abin da ake ba ni.

Daga baya na gane dalili. Modem na asali yana da tasa 'yar ƙwaƙwalwa da ke yin tafintar. Amma wajen ƙarshen shekarun 1990 masu ƙira suka nemi rage kuɗi, suka cire ta, suka ɗora aikin a kan babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake ce wa furosesa. Irin wannan shi ake kira Winmodem. Tamkar a sallami tafinta ne, a ce alƙali ya yi shari'a, ya kuma fassara da kansa. Muddin layi na buɗe, ko ba a aika kome, furosesa ba ta hutawa. Aiki ya jawo shan wuta, shan wuta ya jawo zafi, zafi ya ta da fanka, ita ma fankar a batir take ci.

Wannan hanya ta buga lamba ta zama tarihi. Ko a Amurka kamfanin AOL ya rufe tasa ran 30 ga Satumba 2025. Amma cutar ba ta mutu ba, riga ta sake. Yau da kwamfuta ta sami intanet sai ta kama sauke gyare-gyarenta a ɓoye, ba da izininka ba. In kuwa da ɗan modem na sokawa kake shiga, ka sani inda sabis ke da rauni, kamar ƙauyukanmu, ya fi shan wuta, don sai ya ɗaga murya kafin ƙarfen sabis ya ji shi.

To, ga abin yi. In Windows ce, danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ka ga jerin ayyukan da ke gudana, da rabon furosesa da kowanne ya ci. Wanda ba ka bukata, rufe shi. Akwai kuma wurin da za ka shaida mata intanet ɗinka na awo ne, sai ta rage sauke-sauken nan. In ka gama, cire modem.

Shi batir, babban maƙiyinsa zafi. A bazara nan wajen Dutsin-Ma zafi kan haura digiri 40, sa'an nan mutum ya ɗora kwamfuta kan katifa ya toshe mata ƙofofin iska, waɗanda ƙurar hunturu ta riga ta cike. Ɗora ta kan tebur ko allo, kuma a kai wa mai gyara ya busa mata ƙurar.

Na ji wasu na cewa sai a bar batir ya mutu murus kafin a sa caji. Wannan shawarar tsofaffin batura ce na nikel. Na yanzu na litiyam ne, irin da Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma ƙarewa ƙaf tana raunana shi. Ya fi son zama tsakanin kashi 20 da 80 cikin 100. Na san inda wuta ba ta zama sai a cika shi in an samu, wannan ba laifi, amma kada a bar shi ya faɗi ƙasa kullum. In kuwa ka ga ya kumbura, daina caji nan take, gama yana iya kama wuta.

Ka tuna kuma kowane batir yana da adadin cajinsa, ɗaruruwa ne ba dubbai ba, kuma na kwamfutar hannu ya riga ya ci rabonsa a ƙasar da ta fito. Saboda haka ban ga ƙarar da za ta tsaya gaban alƙali ba. Gwada waɗannan mako biyu, Malam, ka rubuto mini minti nawa batirin ya kai.