Ka Dawo da Takardar Asibiti, Ko Ba Ka Dawo da Kuɗi Ba

Mai karatu, wataƙila kana da ɗa ko ƙane da ya tafi Libiya neman kuɗi. Wataƙila kai ne ka je ka dawo. Hanyar sananniya ce: daga Agadas zuwa Dirku, a ratsa hamada, a shiga Gatrun, a sauka Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin ƙasar. Can samarinmu suke leburancin gini, suna aikin gona, suna dako a kasuwa. Wasu sun dawo da abin hannu. Wasu kuwa sun dawo da sanda.

Maganata a kan masu sandan nan take. Ciwon da ba a rubuta ba, ofis ba ya ganinsa. Saboda haka takardar asibiti dukiya ce, a adana ta kamar takardar gona.

Abin da na gani a ɗakin shan magani

Wani magidanci ya zo wurina yana ɗingishi. Ya faɗo daga kan gini a Sabha, cinyarsa ta karye, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Bayan ya dawo gida aka sa sunansa cikin masu karɓar tallafin naƙasassu. Ana nan sai aka ce za a sake tantance kowa, mutum ya zo da shaidar likita. Na tambaye shi takardunsa. Ya ce an ba shi wasu da Larabci, amma ya bar su a ɗakin da suke kwana, domin bai ga amfanin ɗaukar abin da ba ya iya karantawa ba.

Sai da ya sayar da akuya kafin ya biya kuɗin mota da na sabon hoton ƙashi. Kafin ya gama haɗa komai, an rufe tantancewa. Ciwonsa gaskiya ne, kowa a unguwarsu ya sani. Amma 'yan unguwa ba su ne ke riƙe da fayil ba.

Me ya sa ake neman shaida?

Za ka ce, ai gani ya kori ji, ga ƙafar a fili. Haka ne. Sai dai sau da yawa wanda zai sa hannu a biya ka bai taɓa ganinka ba, takarda ce kawai ke isa teburinsa. Ban da haka, akwai naƙasar da ido ba ya kamawa: farfaɗiya, kurumta, ciwon baya mai hana sunkuyo, da firgitar da ke bin wanda aka tsare aka azabtar a hanya.

Ita kanta doka takarda take nema. A Nijeriya, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta tanadi takardar shaidar naƙasa iri biyu. Ta wucin gadi ba ta wuce kwana 180. Idan naƙasar ta ci gaba, sai a nemi ta dindindin, bisa bayanin likita. Ka ga ke nan sake dubawa na cikin tsarin tun farko. A shekarar 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa domin wannan aiki. Wasu jihohi ma suna da nasu shirin. Jigawa ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata tun 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido. Duk inda ake raba kuɗi wata-wata kuwa, dole wata rana a sake duba sunaye.

Kada in yaudare ka. Libiya tana da dokar naƙasassu mai lamba 5 ta 1987, amma tallafin na 'yan ƙasarta ne, baƙon da ya shiga ba takarda ba ya cikin lissafi. Diyyar ma'aikata ta Nijeriya ma, wadda dokar 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF, ba ta shafi wanda ya ji rauni yana yi wa wani maigida aiki a Sabha ba. To, wannan shi ya ƙara wa takardarka daraja. Idan ka dawo gida, ita ce kaɗai za ta faɗi abin da ya same ka, da ranar, da aikin da aka yi maka.

Idan kana can, ko naka yana can

Tun ranar gini, tun ranar zane. Ka isar wa naka da wannan saƙo:

1. Kada ya bar asibiti sai da takardar sallama mai kwanan wata, da sunan ciwon, da sa hannun likita, da hatimi.
2. Idan an yi masa aiki, ya roƙi bayanin aikin a rubuce, har da irin ƙarfen da aka sa.
3. Ya karɓi hoton ƙashi da bayaninsa. Kada ya naɗe shi, kada ya bar shi a rana.
4. Ya ɗauki hoton kowace takarda da waya, ya turo wa wani a gida ta WhatsApp a ranar. Hanyar hamada tana cin kaya, waya ma ana ƙwacewa. Abin da ya riga ya iso gida ya tsira.
5. Ya lura da sunan da aka rubuta. Idan takarda ta ce Muhammad, katin ɗan ƙasa ya ce Mamman, za a sha jayayya. Na san tsoro kan sa wasu su ba da sunan aro. In haka ta faru, a gaya wa likitan gida gaskiya tun farko.

Larabcin kada ya dame ka. Sunayen cututtuka da magunguna sau da yawa da Turanci ake rubuta su, kuma ba a rasa mai fassara sauran.

Idan ka riga ka dawo hannu wofi

Kada ka yanke ƙauna. Jikinka ma shaida ne, sai dai a mayar da shi rubutu. Je asibiti ka buɗe kati, ka ba da labari daga farko, ka roƙi a rubuta. Sabon hoto zai nuna tsohuwar karaya da ƙarfen da ke ciki. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, nemi takardar turawa: ƙashi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ido zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, damuwar ƙwaƙwalwa zuwa asibitocin gwamnatin tarayya na Kware ko Kaduna ko Maiduguri. Awon ido da na kunne suna fitowa da lamba, lamba kuwa ba a musu da ita.

Idan mai ɗori ne ya ɗora ka, faɗi. Ba za mu yi maka faɗa ba. Amma mai ɗori ba ya ba da takarda, don haka sai ka biyo ta asibiti.

Sa'an nan ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Kai ko ɗanka ɗan makaranta ku riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya gagare ka. Ranar da ka kasa zuwa gona. Ranar da ka faɗi. Daren da ciwo ya hana ka barci. Ke uwargida, idan maigida yana da farfaɗiya, rubuta ranar da ta tashi da tsawon lokacinta. Ku ajiye kwalayen magani da rasit. A yi fotokofin rasit da wuri, domin irin na inji yana gogewa. A haɗa duka a leda ɗaya, nesa da damshi da gara. Ofis kwafi ake ba shi, ta asali a nuna a koma da ita gida.

"Da sauƙi" gaisuwa ce, ba bayani ba

Ga inda muke cutar kanmu. An tarbiyyantar da mu da juriya. Mutum yana mutuwa, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Wannan hali mai kyau ne a zaure. A gaban likita mai tantancewa, asara ce. Abin da ka faɗa shi zai rubuta, in ya rubuta ka samu sauƙi, an gama.

Faɗi abin da kake iyawa da abin da ba ka iyawa. Taku nawa kake yi kafin ka zauna? Kana iya tsugunawa a bayan gida? Kana iya ɗaga bokitin ruwa? Wa ke taimaka maka wanka? Ba da labarin ranar wahala, kada ka tsaya kan ranar da jiki ya yi daɗi kaɗai. Tafi da wanda ke jinyarka, domin yakan tuna abin da kunya ta hana ka faɗa.

Amma kada ka ƙara gishiri, kuma kada ka sayi takardar bogi. Dokar 2018 ta sa hukuncin tara ko ɗauri a kan mai bayarwa da mai karɓa. Ƙarya guda kan zubar da gaskiya goma, ta kuma jawo wa masu naƙasar gaske zargi.

Shin adalci ne?

Wani zai ce an ɗora wa talaka kaya: ga ciwo, ga kuɗin mota, ga yawon ofis. Na yarda. Ya kamata masu tantancewa su riƙa zuwa ƙauyuka, su sanar da rana da wuri, su kuma rage wa naƙasasshe kuɗin takardar likita. Mu ma ma'aikatan lafiya muna da namu laifi idan muka sallami mutum da baki kawai. Sai mu ci gaba da faɗa har a gyara. Amma kafin a gyara, ranar tantancewa ba za ta jira ka ba.

Don haka yau ɗin nan, ka nemo ledarka ka duba abin da ke ciki. Abin da babu, zo mu fara rubutawa. Idan kuma naka ya kira daga Sabha ya ce ya ji rauni, bayan ka yi masa sannu, tambayarka ta biyu ta zama: ina takardar?

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.