Kafin ka ƙarar da datarka a TikTok, nemi waɗannan littattafan

A nan Tudun Wada, daga Kasuwar Barci zuwa bakin Kaduna Poly, hirar matasa ba ta wuce sabuwar waya da AI ba. Amma duk manhajar da ke hannunka, sai da wani ya fara hango ta a ransa kafin ya gina ta. Shi ya sa nake cewa mai son fasaha ya riƙa karanta ƙagaggun labaran kimiyya.

Fara da namu na gida: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da Amurka ta kai mutum duniyar wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sararin samaniya ya tafi da shi yawo. Da Hausa aka rubuta shi, tun ba a san intanet ba.

Sai The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wanda ya hasko Nijar a shekarar 2070. Ita ce kuma ta rubuta wa Marvel labarin Shuri, ƙanwar Black Panther, a 2018.

Ni da na koyi rubuta manhaja da kaina, irin waɗannan littattafan ne suka koya mini tambayar da darussan YouTube ba su koyar ba: wa zai amfana, wa kuma zai cutu?

In ka karanta, rubuta sharhinka da Hausa, ka faɗi inda labarin ya gaza. In ba mu hango gobenmu da harshenmu ba, wasu za su tsara mana ita.