A Mayar Da Lambu Makarantun Firamare Idan Ana Son Dashe Ya Rayu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da dashen itatuwa da ake yi mana shela a rediyo duk damina, da kuma lambun makaranta wanda yau ya zama sai labari.

Ni manomi ne, gonata tana wajen Minjibir, da rani kuma ina kasa kayan miya a Nassarawa GRA, waɗanda nake sarowa daga kasuwar 'Yankaba. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka in na yi kuskure masu ilmi su gyara mini.

Na fi shekara 10 ina kasa kayana a gindin wani ƙaton madaci a bakin katangar wani tsohon gida. A 2023 aka sayar da gidan, aka yanka filin gida huɗu, masu injin yanka itace suka zo, kafin azahar madacin nan da ya girmi mahaifina yana kwance a ƙasa. Tun daga ranar, tumatirin da yake yi mini kwana biyu lafiya lau, yanzu kafin la'asar ya yi laushi, alayyafo kuwa sai in yi ta yayyafa masa ruwa kamar mai jinya. Da can duk wanda ya fito daga Fagge ko Sabon Gari ya shigo GRA, jikinsa ne zai gaya masa, saboda inuwar madaci da dalbejiya. Yanzu kuwa sai shaguna da siminti har bakin kwalta, ruwan sama ma ya rasa inda zai nutse, sai ya bi titi.

A ƙauye ma haka abin yake. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa suka ajiye gas da kananzir suka koma gawayi da itace. Ni ba na ganin laifin matar da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo, amma kowane buhun gawayi ai itace ne ya faɗi a wani daji. Mu da muke shuka mun san sakamakon, domin iskar farkon damina takan binne mana gero da yashi, sai mutum ya yi shuka sau biyu.

Ba wai hukuma ba ta taɓa yin komai ba. Waɗanda suka san hanyar Dambatta sun ga layukan itatuwan kare iska da aka dasa tun muna yara. A 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal har Jibuti, a 2015 Nijeriya ta kafa hukumar da za ta kula da shi a jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, har da Kano da Jigawa da Katsina. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. To jama'a, da wannan suna da wannan kuɗi, me ya sa inuwa take ƙara ƙaranci?

A nawa ɗan tunanin, dalilin shi ne ana ƙirga abin da aka dasa, ba a ƙirga abin da ya rayu. Ni kaina an taɓa ba ni dashe guda 20 kyauta a wani rabo da aka yi, amma sai a ƙarshen watan Agusta, saura 'yan makonni ruwa ya ɗauke. Na kai gona na dasa, na dawo birni neman abinci. Da na koma da bazara uku na tarar a raye. Awaki sun ci wasu, gara ta ci wasu, ƙishirwa ta kashe saura. Har da laifina a ciki, ban musa ba. Amma na tabbata a takardar ofis 20 ɗin nan duk suna nan da ransu. Dasa itace aikin minti biyar ne, rainonsa kuwa sai ya tsallake rani biyu, kuma raino ba ya yiwuwa sai da mai shi a kusa.

Mu duba maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun wajen 1983 wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu tana nan da rai. Manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani, wato maimakon a sassabe tohon duka a ƙone, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kadada kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar, da yawansu gawo, wanda kowane manomi ya san yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abin da ya ba su nasara ilmi ne da ya shiga kan manomi, da kuma sanin cewa itacen nasa ne.

To ina za a sa wa mutum wannan ilmi in ba tun yana yaro ba? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan Nassarawa ne Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a 1909, kuma tun a lokacin an haɗa karatu da sana'ar hannu. Gidansa yana nan har yau, kowa na iya zuwa ya gani. A 1976 da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, an ƙarfafa wa makarantu su yi gona. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun tarar da sauran abin. Kowane aji da fangalinsa na salak da yakuwa da kuɓewa. Malamin noma ne ya koya mini haɗa takin gargajiya a rami, da rainon iri a leda, da zuba toka a gindin dashe saboda gara, da binne tsohon tulu kusa da saiwa a cika shi da ruwa ya riƙa tsattsafowa a hankali. Dalbejiyar da na dasa ina aji huɗu tana nan, a gindinta mata suke sayar da ƙosai. Amma ɗana da ke aji biyar yanzu, a allo ake zana masa fartanya, da na kai shi gona ya kasa bambanta tsiron gero da na dawa.

Makaranta ta fi ko'ina dacewa da rainon dashe, ga dalilaina. Na farko, akwai hannaye da yawa kullum, yaro ɗaya da galan ɗaya ya ishi itace ɗaya. Na biyu, babban hutu yana faɗowa ne cikin damina lokacin da sama ke ban ruwa, alhali da rani da bazara, sa'ad da dashe ke mutuwa, yawancin kwanakin yara suna makaranta. Na uku, abin da yaro ya koya gida yake kai shi. Zogale ɗaya a bayan ɗaki cikin shekara guda ya fara shiga tukunya.

Na san za a ce wasu malamai a da sun mayar da yara 'yan ƙwadago a gonakinsu, wasu kuma sun mayar da noma horon mai laifi, har yara suka tsane shi. Gaskiya ne, kuma kada a maimaita. Za a kuma ce babu fili. Wannan ma gaskiya ne a birni, domin ko rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, filayen makarantu da aka yi gini a kansu suna cikin abin da aka yi ta jayayya a kai. Amma ko buhun siminti aka cika da ƙasa da taki yana fitar da tattasai.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun ilmi da muhalli da shugabannin ƙananan hukumomi, daga cikin kuɗin shirye-shiryen nan a ware wa kowace firamare abu uku: shinge, ruwa, da malamin da ya san ƙasa. A kai dashe a watan Yuni ko farkon Yuli. A sa wa kowane itace sunan yaron da ke kula da shi, kuma a zo ƙirga a watan Mayu, makarantar da nata suka fi rayuwa ita za a ba kyauta. Abin da lambu ya bayar a sayar a sayi alli da littafi, a karanta lissafin a gaban iyaye. Masu unguwanni da dagatai su tsawata kan sakin awaki. Masu gini a GRA kuma, in ya zama dole ku sare ɗaya, ku ɗauki nauyin goma a makarantar da ke kusa da ku har su girma.

Mu kuma 'yan'uwana manoma da 'yan tireda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai taki ya kai kwando ɗaya, mai iri ya kai gwangwani. Ni dai na yi wa shugaban makarantar su ɗana alkawarin irin zogale da yinin Asabar guda domin tayar da fangali. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.



Naka mai karatu kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Nassarawa GRA, Kano.